Warin da Ba na Fata Ba

Ina cikin shekarata ta uku a wani kamfanin jima da ke Chalawa dasashina ya fara zubar da jini. Matata da 'ya'yana biyu suna ƙauyenmu a Jigawa, ni kuma na kama ɗaki ɗaya a Fanshekara. Aikina fito da jiƙaƙƙun fatu daga manyan ganguna, in loda a kura in tura wurin shanya.

Da fari in na goga aswaki sai in ga bakinsa ya yi ja. Na ɗauka ƙarfi nake sa masa. Daga baya ko burodi na gatsa sai in ga shatin jini a jiki. Dasashin ya kumbura ya yi jajur, in na kurɓi ruwan sanyi sai zugi. Na tauna kanumfari, na kurkure da ruwan gishiri, ya lafa kwana biyu ya dawo.

Abin da ban sani ba shi ne bakina wari yake. A majema kowa wari yake, hanci har ya saba. Mu biyar muke haɗa kwano wurin mai garau-garau a bakin get. Sannu a hankali na lura in na buɗe baki sai na kusa da ni ya kau da kai, kamar yana kallon tirelar da ke wucewa. Wata rana na zo na tarar sun ci sun tashi. Kashegari ma haka. Na koma cin nawa a bayan ɗakin janareta, inda ƙara ba ta barin a yi hira ko da akwai abokin yi. Na yi ta lalube a raina ko wani na ɓata wa.

Maigadinmu ne ya warware mini, wani dattijo mutumin Nijar. Bayan sallar azahar ya ja ni gefe.

"Ɗana, kada ka ji haushina. Bakinka ba lafiya. Warin nan ba na fata ba ne."

"Baba, tun yaushe kuka sani?"

"An kwana biyu. Kowa ya sani, nauyinka ake ji. Ka je asibiti, wannan ya fi ƙarfin gishiri."

Na yi masa godiya, amma ranar ban ƙara ɗaga ido na dubi kowa ba.

Ranar hutuna na tafi wani asibiti a Nassarawa, sashen haƙori. A kan benci kowa da nasa, wannan da matarsa, waccan da 'yarta tana yi mata fifita. Nas ta tambaye ni wa ya rako ni. Na ce ni kaɗai ne.

Likitar mace ce, ba za ta girme ni ba. Ta kwantar da kujera, ta haska fitila, ta leƙa da ɗan madubi.

"Malam, datti ne ya daskare a gindin haƙoranka ya zama kamar dutse. Shi ya kumbura dasashin. Aswaki ba zai fitar da shi ba, sai an kankare."

"Likita, cire su za ku yi?"

"A'a. Ɗaya a ƙasa yana girgiɗi, amma bari mu ba shi dama."

Ta sa wani ɗan inji mai tsini, yana ƙugi yana fesa ruwa. Tana bin haƙoran ɗaya bayan ɗaya, tana tsayawa ta ce, "Da zafi? Sannu." Hawaye suka gangara har cikin kunnena. Ta ɗauka zafin ne. Akwai shi, amma gaskiya tun zuwana gida da babbar salla ba wanda ya ce mini sannu sai ita.

Ta rubuta mini maganin kurkura, ta ce in sayi buroshi mai laushi in riƙa gogewa safe da yamma, in dawo bayan sati biyu. Da na isa ɗaki ban iya tauna komai ba, sai na aika wa cikina da koko. Matata ta kira, ta ce muryata ta sauya. Na ce mura ce. Ko da na gaya mata gaskiya, ba abin da za ta iya daga can sai damuwa.

Cikin sati biyu jinin ya tsaya, kumburin ya sace. Likitar ta taɓa haƙorin nan ta ce ya fara kamawa. Daga asibitin na sayi goro fari guda biyar, na nufi kamfani duk da ba ranar aikina ba ce, don in kai wa dattijon.

Wani na tarar a kan bencinsa. Ya ce ai tsohon ya ajiye aiki shekaranjiya, ruwa ya sauka a garinsu, ya tafi shuka. Na tambayi sunan garin. Ya ɗaga kafaɗa. Na tambayi direbobi biyu da mai garau-garau, ba wanda ya sani. Na daɗe tsaye a bakin get ɗin, sannan na miƙa wa sabon maigadin goron, na tari keke na koma Fanshekara.