Baba Mai Kari da Takardar Jirgi

Rubuta yadda na faɗa, jikalle, kada ki gyara mini baki. In na yi sauri ki ɗaga hannu.

A tsohon layinmu, tsakanin mai gyaran rediyo da mai sayar da fenti, akwai wani ɗan shago mai ƙofar langa-langa. Nan Baba Mai Kari ya yi rayuwarsa. Guga ce sana'arsa tun yana saurayi har gemu ya yi fari. Sunan ma daga wando ya samo shi. In ya fitar wa wandonka kari, sai ka yi ta yawo har wandon ya yi datti karin bai kwanta ba. Teburinsa ɗaya, an shimfiɗa masa tsohon bargo da farin zane, sai dutsen guga na gawayi, da ɗan kwanon ruwa da yake tsoma yatsu yana yayyafi. Da dutsen lantarki ya shigo ya saya, ya gwada, ya rataye shi a ƙusa. Ya ce wannan na ragwaye ne, ba shi da nauyi.

Mutumin nan ba ya iya ganin abu a yamutse ya ƙyale shi. Ka zo gaishe shi da hula a lanƙwashe, kafin ku gama gaisawa ya zare ta daga kanka. Tsohuwar jaridar da yake naɗe kayan mutane ma sai ya bi ta da dutse. Mai rediyo ya kan leƙo ya ce, "Baba, ga fuskarka nan duk ta yamutse, ita ba ka ganinta?"

Shi kuma ya ce, "Ita Mai ita ne ya yi mata karinta. Ba na taɓa aikin wani."

Matarsa ta rasu da daɗewa, manyan 'ya'yan duk sun yi nisa. Wadda ta rage masa ita ce Auta, mai ɗinki, da kekenta a ɗakin bayan shagon. Auta ta auri wani mai aiki a jirgin kamun kifi, ana ce masa Na-Teku. In ya tafi sai a manta da kamanninsa kafin ya dawo. Suka haifi 'ya mace, ta zo da ciwon zuciya. Tana kwance a asibiti, ko zama ba ta fara ba, Na-Teku ya ɗauro kayansa ya kawo wa surukinsa guga, wai jirgi zai tashi. Baba ya dubi ƙunshin, ya dube shi. Ko kwancewa bai yi ba, ya miƙa masa abinsa a gaban mutanen layi.

"Je ka, teku ta goge maka."

Duk wanda ya san Baba ya san a bakinsa babu zagin da ya kai wannan. Daga ranar ba su ƙara magana ba. Auren ma bai yi nisa ba ya mutu.

Yarinyar ta tashi a ƙarƙashin teburin gugar nan. Shi yana ce mata Gimbiya, ita tana ce masa Tsoho. Leɓenta kamar ta sha shuni. Daga shago zuwa bakin famfo sai ta tsuguna ta huta, kamar mai neman abin da ya faɗi. Amma baki, Allah Ya ba ta.

"Tsoho, in na warke tsere za mu yi, ni da kai."

"Da wa? Ni da zan bar ki a baya ko da dutse a hannuna?"

"Kai da gwiwarka ke ƙara kamar ƙofar shagon nan?"

Tana cikin shekarun shiga makaranta likitanta ya kira Auta. Ya ce akwai wani asibiti a wata ƙasa da ke ɗaukar yara kaɗan-kaɗan ana yi musu aikin zuciya, kuma sunan Gimbiya ya fito. An sa ranar tashi. Ya ce su yi sauri da takardu, don yaran da ke bayanta a layi suna da yawa, kuma irin wannan ciwon ba ya son jira.

Nan fa aka shiga yawon ofis. A kawo fasfo na uwa, a kawo na 'ya. A kawo hoto, ba wannan ba, kunnenta bai fito ba. A kawo takardar likita. A kawo takardar haihuwa. Ita takardar haihuwar a cikin gwangwanin maɓallai aka same ta, an ninke ta kamar laya, ruwa ya taɓa gefenta. Baba ya karɓa, ya ɗora mata ƙyalle, ya bi ta da dutse a hankali. Ta fito fes. Da aka kai ofis, ma'aikacin ya juya ta ya ce, "Kai, wannan an iya ajiya." Maganar nan Baba ya ba mai rediyo ita, ya ba mai fenti, har ni ya ba ni ita ya fi a ƙirga.

Sai kuma aka ce saura ɗaya: takardar yardar uba.

Auta ta ce, "Yallaɓai, ni na haife ta, ni na goya ta. Uban ko takalmi bai san lambar da take sawa ba."

Ya ce, "Ban musa ba, baiwar Allah. Amma yaro ba ya fita ƙasa da uwa kaɗai sai uban ya yarda a rubuce, da hatimin hukuma. Da shi ne zai fita da ita, taki yardar za mu nema."

Ina za a ga Na-Teku? Auta ta bi yayarsa, yayar ta bi wani abokinsa, aka yi ta aike. Can Allah Ya sa jirginsu ya tsaya shan mai a wata tasha mai nisa. Saƙo ya same shi. Ka ga mutumin da ake zagi, bai yi gardama ba. Ya je gaban hukumar wurin, ya sa hannu, aka buga hatimi, ya turo ta wani inji da ake ce wa faks, wanda takarda ke shiga can ta fito nan ta layin waya. Washegari jirginsu ya koma ruwa.

Auta ta karɓo ta a shagon masu buga takardu. Ta kai ofis, aka duba lambar wurin da ta fito, aka ce ta yi, a nuna ta a filin jirgi. Mai shagon ya ce ta dawo a yi mata hoton takardar don ajiya. Ta koma, an ɗauke wuta. Aka ce gobe. Goben kuma hidima ta cinye ta.

To, ita takardar faks ɗin nan wata iri ce. Siririya, mai santsi, tana ƙyalli, kuma daga naɗi take fitowa. Ka shimfiɗa ta, ka ɗaga hannu, sai ta nannaɗe kanta kamar tabarma.

Ana gobe tafiya, da la'asar, Auta ta tafi karɓo maganin da za su riƙe a hanya. Baba ya gama goge 'yan rigunan Gimbiya, ya jera su a akwati. Sai ya buɗe jakar takardu, don ya ga komai a tsare. Fasfo biyu, lafiya. Takardar likita, lafiya. Ta haihuwa, aikinsa, sumul. Sai wannan. Ya danne ta da tafin hannu, ta naɗe. Ya ɗora mata kwanon ruwa, ya ɗauke, ta naɗe. Ransa ya ɓaci. A ce jikarsa za ta shiga gaban manyan mutane, a ƙasar wasu, da takarda kamar an tsinto ta a bola? Kuma takardar wa? Ta Na-Teku. Ya ce a ransa, komai na mutumin nan a yamutse yake zuwa.

Bai yi garaje ba, wallahi. Ya rage gawayi. Ya kara dutsen kusa da kuncinsa ya ji zafin, irin wanda ake yi wa siliki. Ya ɗora farin ƙyalle. Ya bi sau ɗaya, daga sama zuwa ƙasa.

Da ya ɗaga ƙyallen, takardar ta miƙe sarai. Amma baƙa ce ƙirin. Ba ƙuna ba ce, ko ƙauri babu. Baƙi ne kawai ya rufe ta, daga gefe zuwa gefe. Babu suna, babu sa hannu, babu hatimi. Ashe irin wannan takardar da zafi ake yi mata rubutu tun farko. Wa ya taɓa gaya masa?

Gimbiya ta leƙo daga ƙarƙashin tebur. "Tsoho, me ka zana?"

Baba ya ɗauki takardar. Ya ɗaga ta a rana. Ya hura mata iska. Ya kai ta inuwa ya jira ko in ta huce rubutun zai dawo. Yana nan tsaye da ita a hannu Auta ta shigo da ledar magani.

Ta duba. Ta sake dubawa. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baba." Shi ke nan abin da ta ce. Ta zauna a bakin ƙofa, ledar a cinyarta.

Mai rediyo ne ya yi ta maza, ya ja su shagon buga takardu, aka kira can tashar. Wanda ya ɗauka ya ce mutumin ya tafi da asalin takardarsa a aljihu, jirgin kuwa sai ranar da aka gan shi.

Duk da haka da safe suka tafi filin jirgi. Baba ya sa rigarsa mafi kari, ya ce shi ya ɓata, shi zai yi bayani. Wuri ne mai sanyi, ƙasa kamar madubi, akwatuna na tafiya da kansu a kan bel. Gimbiya sai kallo take, tana ja masa riga. A teburin duba takardu wata mata ce, ba yarinya ba. Ta duba fasfo, ta duba ta haihuwa, ta ce, "Yardar mahaifi fa?"

Baba ya miƙa mata baƙar takardar da hannu biyu.

"'Yata, ni ne. Guga nake yi. Na ga ta naɗe ne. Jiya akwai komai a jikinta, da hatimi da komai, ofishinku ma sun gani. Ki riƙe ni a nan, ki kulle ni in kin so, ki bar yarinyar nan ta wuce."

Matar ta dubi leɓen Gimbiya, ta daɗe tana kallo. Ta tashi ta kira na gaba da ita. Shi ma ya buga waya, ya jira, ya sake bugawa. Wanda ya duba takardar a ofis ba ya nan, kuma ba a ajiye komai ba. Ya dawo ya ce, "Baba, na yarda da kai. Amma ko mun bar su nan, can inda za su sauka za a nema, a juyo da su. Ka ga yarinyar za ta iya wahalar zuwa da dawowa a banza?"

Aka kira jirgin. Suna zaune a kan kujerun ƙarfe suka ji tashinsa. Gimbiya ta ce, "Tsoho, ya manta da mu?" Gurbinta aka ba wani yaro. Allah Ya ba shi lafiya, shi ma ɗan wani ne.

Watannin da suka biyo baya, ban so ki ga Baba ba. Gugar yana yi, don mutane na kawowa, amma babu raha. Mai rediyo ya daina leƙowa da tsokana. Auta tana kawo masa abinci, tana gaishe shi yadda ta saba, ko sau ɗaya ba ta tayar da maganar ba. Ya ce mini da ta zage shi da ya fi samun sauƙi. Gimbiya kuwa famfon ma ta daina zuwa. Daga tabarma zuwa ƙofa sai ta tsuguna. Kullum da hantsi Baba zai rufe shago ya tafi ofishin masu jiragen ruwa ya tambaya. Har masu gadi suka san shi, yana doso su suke girgiza kai.

Ranar da jirgin ya iso, bai jira a aika ba. Da ƙafarsa ya je bakin tasha. Na-Teku na saukowa da jaka a kafaɗa, rana ta ƙona shi, riga kamar an tauna. Tsohon nan, mai farin gemu, ya durƙusa a gaban yaron da ya kora.

Na-Teku ya yar da jaka. "Subhanallahi! Baba, tashi, mutane na kallo. Ta rasu ne?"

"Tana nan. Ni ne na ɓata takardarka. Ka zo ka sake."

"Ba su tafi ba? Duk watannin nan ina cikin ruwa ina cewa an gama aiki?"

Ya dafe kai, ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Ya ɗauki jakarsa. Daga nan ofis suka wuce, ko wanka bai yi ba. Ya sa hannu a takarda mai kauri, a gaban hukuma, aka buga hatimi.

Sai da aka sake jiran layi kafin sunan Gimbiya ya kuma fitowa. Ta tafi, aka yi aikin. Likitocin can suka gaya wa Auta gaskiya: sun gyara abin da zai gyaru, amma jiran ya taɓa huhun, kuma wannan ba ya komawa. Gimbiya ta dawo, leɓe ya washe. Tana nan da ranta, ta yi karatu, har ta fi uwarta iya ɗinki. Amma matakala in ta hau sai ta huta a tsakiya. Gudu kuwa ba ta taɓa yi ba.

Baba ya ci gaba da guga har hannu ya fara rawa. Sai dai tun daga ranar nan takarda ba ta ƙara hawa teburinsa ba. Jaridar naɗe kaya ma a yamutse yake sa ta. Baƙar takardar kuwa ya ƙi yarwa, tana aljihun gaban rigarsa har ya bar duniya.

Wata rana, bayan Gimbiya ta dawo, na zo karɓar kayana na tarar da su. Tana zaune a bakin ƙofa tana ninke hankici. Ta ce, "Tsoho, tseren namu fa?"

Ya ajiye dutsen a kan mazauninsa. Ya daɗe yana gyara hannun wata riga da ta riga ta gyaru.

Ya ce, "Gwiwar nan ta ƙi, Gimbiya. Na bar miki."

Ta ce, "Matsoraci."

Ajiye alƙalamin haka, jikalle. Miƙo mini ruwa.