Awon Jakar Kaka

Ranar Laraba ce, saura kwana biyu Kaka Falmata ta tashi zuwa Makka, a shekarar da na shiga aji huɗu na sakandare. Ina wanke-wanke a tsakar gidanmu na Fagge sai ga Kawu Modu da katakon tsohon benci a kafaɗa, yana hura hanci. An ƙayyade wa maniyyata nauyin kaya, mu kuwa ba mu da sikeli. Inna ta ce a kai jakar Kasuwar Sabon Gari masu shinkafa su auna, Kawu ya ce wannan aikin jahilai ne. Shekara ɗaya tak ya yi a jami'a aka koro shi, amma idan ba ka ce masa Injiniya ba, ba ya amsa gaisuwa.

Abu ɗaya Kaka ta damu da shi a jakar: kwalaben turaren wuta da ta yi wata uku tana haɗa wa ƙanwarta Yagana, wadda aure ya kai Makka, shekara talatin ba su ga juna ba.

Kawu ya kwantar da taɓarya, ya gitta katakon a kanta. Ya ɗora jarkar ruwa mai lita ashirin a gefe ɗaya, kilo ashirin ke nan, jakar kuma a ɗaya gefen, ya yi ta matsar da ita har katakon ya tsaya daidai. Sannan ya auna tazarar kowace daga taɓarya da tef ɗin ɗinki. Lissafin ba laifi, mun yi irinsa da rula a makaranta: nauyi sau tazara na dama daidai yake da na hagu. Sai dai malaminmu kullum yana cewa a fara daidaita rular ita kaɗai. Katakon Kawu kuwa da ƙafar benci mai kauri a maƙale ta gefen jarka.

Na ce, "Kawu, ƙafar nan ma ai nauyi ce."

Ko kallona bai yi ba. "Je ki ƙarasa wanke-wankenki."

Ya sanar cewa akwai sauran kilo biyu kafin jakar ta kai nauyin da aka ƙayyade. A sansanin alhazai sikeli ya nuna jakar ta zarce. Cikin turmutsitsin, Kawu da kansa ya zuge ta ya cire kwalaben, bai gaya wa kowa ba. Sai a gaban Yagana Kaka ta buɗe ta ga wayam. Shekara na zagayowa Yagana ta rasu.

Turaren kuwa matarsa ya kai wa. Da ƙamshinsa a jikin riga yake shigowa gaida Kaka, ita kuma ta amsa ta kau da kai. Tun daga lokacin na raina shi, kuma ban daina ba.

Yanzu ɗan sikelin rataye yana aljihun jakata, ko yaro zai iya karanta shi. Duk lokacin da na auna wa wani kaya, kwalaben nan nake tunawa. Da a ranar muna da shi, da Yagana ta shaƙi ƙamshin gida.