Kujerar Baba Shahata

Duk wanda ya taɓa shan shayina a bakin tekun Ajami ya san Baba Shahata, in bai san fuskarsa ba ya san ƙeyarsa. Mai ceto ne, aikinsa ya hau doguwar kujera ya zuba wa ruwa ido. In ka gaishe shi zai amsa, amma ba zai juyo ba. Ni kaina sai na kamo hannunsa nake danƙa masa kofin shayi.

Tun yana yaro malamai suka sallama shi, don lissafi ba ya shiga kansa ko da guduma. Babansa masunci ya ce, tunda ba abin da ka iya sai ƙura ido kamar kyanwa, zo ka ƙura wa teku. Ashe a nan abincinsa yake. Daga canjin launin ruwa yake gane inda zai ja mutum, kafin ka kai wurin ya busa usur ya koro ka. Iyaye su yi ta tsaki, samari suna kiransa ɗan sandan kifaye. Har gemunsa ya yi fari ba a taɓa fitar da gawa a yankinsa ba.

Wannan ne ya ja masa, wallahi. Da Alhaji Rif'at ya karɓi hayar wurin, sai ya tambaya mutum nawa tsohon nan ya tsamo bara. Aka ce ko ɗaya. Alhaji ya ce to ai ruwan ne lafiyayye, me zai yi da mai korar masa baƙi? Ya sallame shi, ya ɗora ɗan ƙanwarsa Midhat a kujerar, wani ƙato mai ƙirji kamar ƙofa. Na je na sa baki, ya ce, "Ummu Sabri, ki tsaya a kan butarki." Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Baba Shahata bai yi musu ba. Ya roƙi dai a gaya wa Midhat kada ya bar kowa ya wuce baƙin dutse in iska ta juya. Matarsa ta ce min a gida ko ful, waken karin kumallonmu, ya daina ci, kullum yana kasa kunne ko za a aiko.

Wata Juma'a a tsakiyar zafi wani ɗalibi daga garin Ɗanɗa ya wuce dutsen. Midhat ya iya iyo, ba zan ci haƙƙinsa ba, amma sai da ya ji ihu sannan ya ɗago kai. Teku ta riƙe gawar, uwar ta zauna a kan yashi ta ce ba inda za ta, hukuma ta rufe wurin sai an samo shi.

Sai ga Alhaji ya aika mota gidan Baba Shahata. Bawan Allah ya zo da jar rigarsa ta aiki a goge, ya nufi kujera kai tsaye. Alhaji ya tare shi, ya ce ba wannan ba, so yake ya faɗa musu inda teku za ta ajiye yaron.

Baba Shahata ya daɗe a tsaye yana kallon ruwa. Sannan ya yi gaba muka bi shi har wani lungu tsakanin duwatsu, ya shiga ruwa da rigar tasa, ya rungumo ɗan mutane ya kwantar a gaban uwarsa.

Alhaji ya dafa kafaɗarsa a gaban kowa. "Ka gani, Baba? Yau kam ka yi mana amfani."

Washegari aka buɗe wurin, Midhat ya koma kan kujera.