Turumbar Gwaggo Ramatu

Mujtaba ɗan Audi, a ƙauyenmu kusa da Suki aka haife shi. A zamaninmu mai gadin ruwa ne yake yawo a kan jaki yana buɗe rafi yana rufewa. Yau wani ƙaramin akwati ne yake kunna turumba, wato injin jan ruwa, yake kuma kashe ta, bisa umarnin da aka rubuta masa. Rubuta wannan umarni shi ne aikin Mujtaba.

Ya gaji aikin daga marigayi Attahiru, wanda idan yana rubuta wa akwati umarni yakan cusa tambayoyi biyu cikin baka ɗaya, wato alamar [ ], ya haɗa su da alamar -a ko -o. Mujtaba ya ce mini an daina wannan, domin ba kowane akwati ne yake fahimtarsa iri ɗaya ba, musamman idan ma'aunin ruwa ya yi shiru bai aiko da komai ba. Shi yakan ba kowace tambaya bakanta, ya haɗa su da alamar && ko ||. Haka ya bi gonaki yana gyarawa, har yaƙi ya rufe hanyoyi. Saura turumba ɗaya a yankinmu, ta gwaggonsa Ramatu a ƙetaren kogi, wadda albasarta ce take ciyar da gidanta.

An sace akwatinta, wani maƙwabci ya sa mata wani iri dabam, ya kwafa tsohon umarnin a ciki. Ga kogi yana ta ja baya. Idan umarnin tsayawa ya rikice, turumba za ta yi ta zuƙar iska har ta ƙone, kuma babu inda za a samo wata.

Ina zaune tare da shi ya sami Ramatu a waya.

"Gwaggo, ki kashe ta da hannu, don Allah."

"Kai yaro, tana aiki lafiya kamar agogo. Albasa ta sha me, addu'arka?"

"Gwaggo, ki saurare ni..."

Layi ya yanke, bai kuma dawo ba.

Ya daɗe yana roƙon masu kwale-kwale kafin wani Osman ya yarda ya haye da shi. Tun daga gaɓa, in ji shi, ya ji ƙaurin wayar lantarki, turumba ta riga ta ƙone. Bakin tiyo yana kwance a kan busasshen yashi. Ramatu tana tsaye da bokiti a tsakiyar albasa.

Ta bar gonar ta koma Damazin wurin 'yarta. Mujtaba yana nan. Ya ce Attahiru ya yi aiki har can wajen Kamlin, kuma ba wanda ya san akwati nawa ne suka rage da tsohon umarninsa.