Kwamfutar da Darakta Ya Raina

Cikin ranakun da na yi a sito, wadda har yau ba ta gushe mini ba ita ce ranar da na shiga shagon Emeka a Azare na ce ya fito mini da kwamfutar da ta fi kowace rashin kwarjini. A shekarar 2008 ne, gab da faɗuwar damina. Lokacin ina mataki na takwas, ni ne sitokifa a ofishin wani shiri na gyaran rijiyoyin burtsatse da ke kula da ƙasar Katagum, har zuwa su Misau da Dambam. Tunda ku da kuka gaje mu kuna yawan tambayata yadda ake zaɓen kaya, bari in ba ku wannan, kowa ya ɗauki abin da zai ɗauka.

Ga wanda bai san aikin ba, sitokifa ba shi ke yanke shawarar a sayi abu ba. Sashen da ke buƙata ne zai rubuto, Darakta ya sa hannu, Akanta ya faɗi iyakar abin da za a kashe. Sannan ni in zaga shaguna uku in karɓo farashi, a zaɓi ɗaya, in kawo kayan, in shigar a rajista, in rubuta musu lamba da fenti, in miƙa wa mai su. Wannan shi ne abin da ke rubuce. Akwai kuma mataki ɗaya da ba a rubuta ba, amma ya fi sauran ƙarfi. Kafin sabon abu ya isa hannun mai shi, sai an kai ofishin Darakta ya sa albarka. Idan ya duba ya ce, "Allah ya sa alheri," ka ɗauki kayanka ka fita. Idan kuwa ya shafa shi ya ce, "Kai, wannan ya yi kyau," to ka bar shi nan kan tebur. Shi ba zai ce a bar masa ba, kai ma ba za ka tambaya ba.

Ta wannan hanya kwamfutoci biyu na tafi-da-gidanka suka riga suka wuce mu, dukansu an sayo su ne don aikin ƙauye. Ta farko babba ce, baƙa mai sheƙi, ta yi kyau, ta tafi gidan Darakta. Ta biyu Akanta ya ɗauka ya ce zai adana.

Mai aikin ƙauyen a lokacin Malama Rakiya ce, jami'ar sa ido. 'Yar kwantiragi ce, duk ƙarshen shekara ake sabunta mata. Aikinta ta shiga motar ofis ta bi ƙauyuka, ta duba kowace rijiya ko tana ba da ruwa, in ta lalace me ya lalace, kwamitin gari kuma yana kula ko ya yi barci. Ƙarshen wata sai ta tura rahoto Bauchi. Hedkwata ta riga ta daina karɓar rubutun hannu, sai wanda aka shigar a kwamfuta. Ta tebur guda ɗaya ce a ofis, tana hannun sakatare, wuta kuma sai ta ga dama take zuwa, janareta ba a tayar da shi sai Darakta na nan. Rahotonta ya yi ta makara, har Bauchi ta ja mata kunne cewa in aka ci gaba a haka, ba za a sabunta mata ba. Da wannan albashin take riƙe da 'ya'yanta da mahaifiyarta.

Ranar da aka sa hannu a takardarta ta neman kwamfuta, sai ga ta a ƙofar sito.

"Malam Haruna, alfarma na zo nema. Don Allah kada ka sayo mai kyau."

Na ce, "Malama, tunda nake wannan aiki ba a taɓa roƙona haka ba."

Ta ce, "Ka sayo wadda za ta iso hannuna."

Emeka haifaffen Azare ne. Mahaifinsa ya zo daga kudu da sana'ar sayar da kayan gyaran rediyo, shi kuma ya koma kwamfuta. Hausarsa ta fi ta wasunmu, Fulatanci ma yana taɓawa. Yana ganina da takardar ofis ya fara sauko da manya-manya, yana goge su da hannun riga. Na ce ya mayar.

"Baba sito, kuɗin ne bai kai ba? Mu yi magana mana."

"Kuɗi ya kai. Wadda nake so ita ce wadda babban mutum zai ji kunyar riƙewa."

Ya dube ni, ya dubi takardar, sai ya yi dariya. "To na gane. Sa albarka ke nan."

Ya shiga ciki ya fito da wata 'yar fara, girmanta bai wuce littafin karatu na 'yan sakandare ba. Sababbin shigowa ne a lokacin, ya kawo 'yan kaɗan daga Kano, ba wanda ya taya. Wannan ɗin ita ya ajiye a gilashi don talla, har rana ta sa murfinta ya yi ɗorawa-ɗorawa. Bai ɓoye mini aibinta ba. Allonta ƙarami ne, sai ka matso. Madannanta a matse suke, mai manyan yatsu zai riƙa danna biyu a lokaci ɗaya. Ba ta da wurin sa faifai, don haka ba kallon fim. Cikinta ba ya ɗaukar kaya da yawa. Duk aibin da ya faɗa sai in ji hankalina ya ƙara kwanciya.

Sannan ya faɗi abin da ya sa ta dace da mota. Manyan nan, in ji shi, akwai wani faifai a cikinsu da ke juyawa kullum, shi ke riƙe da duk abin da aka rubuta, kuma in mota ta faɗa rami yana cikin juyawa, yana iya tafiya da aikinka gaba ɗaya. Ita wannan babu abin da ke juyawa a cikinta. Batirinta ba wani mai daɗewa ba ne, amma akwai cajar da ake sawa a wurin kunna sigari na mota. Ba ta da nauyi, za ta shiga jakar hannu.

Ban yarda da baki kawai ba. Na karɓo ta aro, washegari muka ɗauki hanyar Katagum, ni da Malama Rakiya da direbanmu Baba Modu. Wanda ya san hanyar a shekarun nan ya san ba sai an nemi rami ba. Ta ɗora ta a cinya a kujerar baya tana bugawa, mota na tsalle, kwamfuta ko gezau. Yatsunta sirara ne, madannan sun yi mata daidai. Baba Modu kaɗai ya yi ƙorafi, ya ce kada wannan abu ya shanye masa batir a tsakiyar fadama. Aka yi yarjejeniya ba za a sa caji ba sai inji na tafiya.

Na cika ƙa'ida, na karɓo farashin sauran shaguna biyu, tata ce mafi araha nesa ba kusa ba, har Akanta ya yaba mini da tattali. Lambar ofis a ƙarƙashin kaya muke rubutawa, amma wannan karon a kan murfi na rubuta ta da jan fenti, manya-manya, har fentin ya ɗan zuba. Sannan na kai sa albarka.

Darakta ya ɗaga ta da yatsu biyu. "Malam Haruna, wannan ta wasan yara ce ko ta aiki?"

"Ta aiki ce, ranka ya daɗe. Iya abin da ya dace da ƙauye ke nan."

Ya ajiye ya turo mini. "To, Allah ya sa alheri."

Daga watan nan rahoto bai ƙara makara ba. Tana barin rijiya take shigar da abin da ta gani kafin a isa gari na gaba. In an dawo Azare sai ta kwafa a filashi, ta biya kafen intanet ta tura. Damina ta sauka sosai, wasu ƙauyukan sai an zagaya, amma aiki bai tsaya ba. Ni kaina na ji daɗi, don ba kasafai sitokifa ke ganin abin da ya sayo yana yin aikin da aka sayo shi dominsa ba.

Wajen watan Satumba masu tallafa wa shirin suka turo wani masani daga Abuja, Dokta muke ce masa. Aka shirya taro a ofishin Darakta. Saboda baƙo, Darakta ya sa aka ɗauko babbar baƙar nan daga gida, aka goge ta, aka ajiye a gabansa a rufe. Ni ina daga baya tare da sauran shugabannin sassa. Dokta ya zauna, ya zuge wata 'yar jaka, ya fito da kwamfutarsa. Ina ganinta na san akwai matsala. Irin ta Malama Rakiya ce sak, sai dai tasa baƙa ce.

Darakta ya ce, "Dokta, ashe kai ma da ƙaramar kake aiki?"

Dokta ya ce, "Ai Alhaji, yanzu duk masu yawon jirgi ita suke riƙewa. Babba irin wannan na bar wa yara a gida."

Ba da wata manufa ya faɗa ba, hankalinsa ma na kan allonsa. Da aka zo kan Malama Rakiya ta buɗe tata don ta yi bayani, sai ya ƙara da cewa wanda ya zaɓo wannan ya san abin da duniya take ciki. Aka waiwayo aka dube ni. Ban taɓa jin yabon da ya ɗaga mini hankali kamar wannan ba.

Baƙo na tafiya, Darakta ya aiko a kira ni.

"Malam Haruna, 'yar ƙaramar nan, ranar da ka kawo ina sauri, ban duba ta da kyau ba."

Na je na karɓo. Malama Rakiya ba ta tambaye ni dalili ba, ta dai ce in jira ta kwashe aikinta a filashi. Na kai, ya buɗe, ya rufe, ya shafa murfin.

"Kai, ashe ta yi kyau."

Na ce, "Ranka ya daɗe, rahoton ƙarshen wata fa?"

"Ai ba zan bar ta haka ba. Ta ɗauki babbar."

"Babbar ba ta jure hanya, ranka ya daɗe."

Ya dube ni kamar na yi wauta. "Malam Haruna, wa ka taɓa ji ya yi kuka don an karɓi ƙarami an ba shi babba?"

A ranar masinja ya goge jan fentin da fetur. Na nemi a sake sayo wata, Akanta ya ce Bauchi ba za ta amince da kwamfuta biyu ga sashe ɗaya a shekara ɗaya ba. Malama Rakiya ta leƙa shagon Emeka ko za ta samu da kuɗinta a biya a hankali, ta tarar 'yan kaɗan ɗin sun ƙare. Ashe an ga Darakta riƙe da ƙaramar a wajen wani ɗaurin aure, kafin mako ya zagayo manyan gari sun kwashe.

Babbar kuwa ta sha hannun yaran Darakta. Batirinta ya mutu tuntuni, ana zare waya take ɗaukewa. Cajar mota ba ta shige ta ba, sai da Baba Modu ya nemo wani akwatin ƙara wuta da ke kuka kamar sauro, kuma duk lokacin da inji ya mutu sai ta mutu tare da shi. Duk da haka Malama Rakiya ta lallaɓa. A cikin Oktoba, suna dawowa daga wajen Katagum, mota ta faɗa wani rami da ruwa ya rufe. Kwamfuta ta yi wani ƙas-ƙas, allo ya yi shuɗi, ba ta ƙara tashi ba. Aikin watan ya tafi, sai da ta sake bin ƙauyukan da biro da takarda, ta dawo layin jiran sakatare. Rahoton Oktoba ya makara, na Nuwamba ya bi shi.

Bauchi ta nemi bayani. Na san amsar da aka ba su, don daga wurina aka karɓi shaidar miƙa kaya aka haɗa da ita. An rubuta cewa ofis ya ba jami'ar kwamfutar da ta fi kowace tsada, ta lalace a hannunta, rahoto kuma bai zo a kan lokaci ba. A watan Disamba ba a sabunta mata ba.

Ƙa'ida ce mai barin aiki ya dawo da kayan ofis. Ta kawo mini gawar babbar a cikin leda, ta sa hannu. Na ce mata raina ya ɓaci da abin da ya faru, kuma gaskiya na faɗa.

Ta ce, "Ba komai, Malam. Ka yi iya yinka. Ko ba komai na ɗanɗana yadda aiki yake in an bar mutum da kayan aikinsa."

Ƙaramar ta zauna a motar Darakta har aka yi masa canjin wurin aiki. Yana shiga taro da ita a hannu, amma ban taɓa ganinta a buɗe ba, don yatsunsa sun yi mata girma.

Abin da na koya shi ne, a wannan sana'a sanin kaya rabin aiki ne kawai. Za ka iya auna nauyi da batir da juriyar hanya, ka zaɓi daidai, amma ba ka da iko a kan hannun da za a ga abin a ciki gobe, kuma a ofis wannan ne ke sa wa kaya daraja. Na kuma koyi cewa ana iya cutar mutum ba tare da an karya ƙa'ida ko ɗaya ba. Kafin in yi ritaya na sake duba fayil ɗin. Babu ƙarya a ciki, babu sa hannun da ya ɓace. Duk mai binciken da ya buɗe shi zai ga cewa fifita Malama Rakiya aka yi. Ita kuwa tun Janairun da ya biyo baya take sayar da atamfa a cikin gida.