Motar da Habibullah Ya Hana a Wanke

Gareji biyu ne ke gyaran esi, wato na'urar sanyaya mota, a layinmu na bakin tasha a Gumel, tsakaninsu taku tamanin da huɗu, da ƙafata na auna. Na farko na Barau ne, mai rumfar kwano da injin feshin ruwa. Na biyu na Habibullah, gindin darbejiya da benci ɗaya. Shagona na tayoyi yana tsakiya, saboda haka a idona aka yi komai.

Habibullah mutumin Ɗanzomo ne. Da noman gero ya tashi, ya shigo Gumel yana ɗan shekara ashirin da biyu, ya yi biyar a ƙarƙashin Barau. A nan ya lura da wani abu: gas ɗin esi ba ya fita shi kaɗai, da ɗan mai yake tafe. Duk inda ya tsiyaya wurin zai yi danshi, ƙurar hanya ta manne, ta bar baƙin tabo. Ka ga tabon, ka ga inda yake yoyo. Shi kuwa Barau, dokarsa ita ce duk motar da ta shigo sai an wanke injinta tas kafin a taɓa, don mai mota ya ga ƙyalli ya san ya zo wurin manya.

Wata Laraba Habibullah ya ce a bar shi ya duba wata mota kafin a zuba mata ruwa. Barau ya yafito direbobin tasha, mutum goma sha uku.

"Ku zo ku ga ƙazami. Shekara biyar ina koya masa aiki, ashe shi duba yake koya, ƙasa yake karantawa."

Ya watso masa sifanoninsa kan titi. Habibullah ya tsince su ɗaya bayan ɗaya ana dariya. Sunan Ƙazami kuwa ya zauna. A watan farko da ya buɗe nasa wurin, mota uku kacal ya taɓa. Direba zai wuce ya ce, "Ƙazami, an tashi lafiya?" Ya amsa, don ba yadda zai yi. Amma ya sha gaya mini, "Abdulbaqi, a gaban mutane ya yi min. Ni ma ba a ɗaki zan rama ba."

Shekara huɗu yana jira.

A bazarar bana Alhaji Sajo, dillalin shanu a Maigatari, ya rasa sanyi a jif ɗinsa. Sau shida Barau yana ɗura masa gas cikin wata biyu, kowanne kwana tara ya ƙare. Har kwamfuresa, injin da ke tura gas ɗin, ya canja masa. A zuwa na bakwai Alhaji bai tsaya a rumfar kwano ba, ya zarce gindin darbejiya yana fifita da hularsa.

"Malam Habibu, an ce kai ma kana taɓawa."

"Ina taɓawa, Alhaji, amma da sharaɗi biyu. Zan sa gas, ka je ka yi kwana uku kana yawonka, ruwa kada ya taɓa injin nan. Ranar da za ka dawo, ka taho min da Oga Barau."

"Shi kuma na me?"

"Maigidana ne. Ba na buɗe aikin da ya rufe ba ya wurin."

Alhaji ya ci kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya zaga rugage biyu ta bayan Sule Tankarkar, ya dawo Asabar da hantsi motar ta yi futu-futu. Barau ya biyo shi don ba ya iya ce wa Alhaji a'a. Habibullah kuma tun da safe ya bi tasha rumfa-rumfa yana gayyata. Mutum ashirin da ɗaya na ƙirga, tara daga cikinsu suna nan ranar Larabar can.

Ya ɗaga bonet, bai ɗauki ko sifana ba. Ya bi bututu da ido, minti biyu bai cika ba ya tsaya. Can ƙasa, inda bututun ƙarfe ya haɗu da tiyo, ga tabo baƙi ƙirin, faɗin yatsa uku. Ya dama sabulu a roba ya miƙa wa Barau.

"Oga, riƙe min. Kai ka fi ni sanin ruwa."

Barau ya riƙe. Habibullah ya shafa kumfar a wurin, nan take ta fara tasowa tana fashewa, ɗaya duk daƙiƙa huɗu.

"Nan ne, Alhaji. Zoben roba ne ya bushe, bai kai na yatsan mace girma ba. Sau shida motarka tana nuna masa, sau shida yana wanke mata baki."

Wani direba ya ce, "To kwamfuresar fa?"

Habibullah ya ce, "Lafiyarta ƙalau, tsohuwar ma. Oga, tana nan ko an sayar?"

Barau ya ajiye robar sabulun a ƙasa. Alhaji Sajo ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juya.

"Gyara min, Malam Habibu."

"A'a, Alhaji. Wanda ya fara shi zai gama. Ga kayan aiki nan, na ara masa."

Haka Barau, mai shekara hamsin da takwas, ya cire babbar riga ya kwanta a ƙarƙashin mota a garejin wanda ya kora. Minti arba'in da biyar ya yi. Habibullah yana kan benci ya ɗora ƙafa kan ƙafa, sau biyu yana ce masa bai ɗauru ba, a sake. Wani dattijo ya matso ya ce ya isa haka, a yi haƙuri. Habibullah ya ce, "Baba, ai kana nan wancan karon. Ban ji ka ce ya isa ba."

A makon da ya biyo baya mota goma sha ɗaya ta tsaya a gindin darbejiya. Rumfar kwano ta samu biyu, ɗaya ma wanki kawai ya kawo ta.