Sunan da Barira Ba Ta Faɗa

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Tsanyawa ya san Barira mai daddawa, ko bai san sunanta ba, hancinsa ya san inda take zama. 'Yar guntuwar tsohuwa ce mai kaifin baki, daga wani ƙauye a bayan gari, inda gona ke manne da gona har ba ka gane iyakar wani sai da gamba. Ka kuskura ka yi wa daddawarta tayin wulaƙanci, za ta wanke ka tas, sannan ta ba ka gyara. Bakin nan nata babu abin da ba ya iya furtawa in ban da abu ɗaya, wato sunan ɗanta na fari.

Ja'afaru sunansa. Kunyar kuwa biyu ce ta haɗu mata, ga shi ɗan fari, ga shi sunan surukinta aka mayar masa, mahaifin mijinta Mati. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, daga can baffansa ya tafi da shi Kano ya sa shi makaranta. In ya zo hutu ya durƙusa yana gaishe ta, sai ta kau da kai ta amsa wa bango. In za a ba shi tuwo, ƙaninsa Sabo take kira ta ce a kai wa wancan. In aka tambaye ta 'ya'yanta, daga na biyu take fara lissafi. Ba wanda ya ga laifinta, haka uwarta ta yi, mata ma har yabonta suke yi da alkunya. Sai dai mai ido ya san kazar da ta fi kowace ƙiba a gidan, ranar zuwan wancan ɗin take shan wuƙa.

Karatu ya kai Ja'afaru Amurka, ya samu aikin asibiti ya zauna. Ya zo ya auri Falta, 'yar Barebarin Rijiyar Zaki, ya tafi da ita, suka haifi Asama'u. Mati ya rasu. Daga nan sai waya, duk Juma'a ya kira wayar Sabo, Sabo ya buɗe murya kowa na ji. Barira na zaune a gefe tana tsince kalwa, tana jin kowace kalma, amma sai ta ce da Sabo ya ce masa lafiya lau, ya ce masa an gode.

Da Falta ta samu ciki na biyu, mahaifiyarta ba ta raye, sai aka ce Barira ta je ta yi mata zaman jego. Ta yi ta zillewa, ta ce wa zai kula mata da awaki, wa zai juya mata kalwa, amma a ranta ta riga jirgi isa. Ta tafi da rani, da niyyar dawowa kafin ruwan shuka.

Tun a filin jirgi aka fara. Ja'afaru ya taho da sauri, ƙaton mutum har da furfura a gemu, ya buɗe hannuwa zai rungume ta a gaban jama'a. Barira ta ja da baya kamar ta ga maciji. Ta juya ta kama hannun Falta, ta jawo Asama'u ta hau tsokanarta da cewa wannan 'yar ramammiyar ce ake ta yi mata kuri da ita. Hannuwan nan nasa suka tsaya a sama, can ya sauke su ya ɗauki jakarta.

Ƙasar kuwa, kai, Barira ta ga abin da ya ishe ta. Gidaje reras babu zaure, babu dakali, ciyawa kore shar a ƙofar kowa, ba akuya ko ɗaya da za ta ci. Ka wuni a taga ba ka ji sallama ba. Wanda ka haɗu da shi a hanya zai washe maka baki kamar ɗan'uwanka, kafin ka tambaye shi mutanen gida ya sha kwana. Ba mai shiga gidan wani sai ya buga waya an ba shi lokaci. Yaro ya kalli tsoho cikin ido ya kira shi da sunansa gatsau. Maƙwabciyarsu, wata tsohuwar Baturiya da ke zaune ita kaɗai da karenta, tun ranar farko ta koyi sunan Barira, kullum sai ta ɗaga hannu ta ƙwala shi babu Inna babu Hajiya.

Ita ce ta gayyace su shan shayi. Ta kawo wani abu mai kama da alkaki, ƙamshinsa har cikin rai, ta miƙa wa Barira. Barira ta yi abin da duk 'yar mutunci za ta yi, ta girgiza kai ta ce ta ƙoshi, tana jiran a sake tayi. Matar nan sai ta yi murmushi ta janye farantin, ta ci nata ta suɗe yatsa. A hanyar gida Falta ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Inna, a nan in kin ce a'a, to a'a ce. Abin da bakinka ya faɗa shi suke ɗauka."

Barira ta ce Allah ya sawwaƙe, mutanen da ba su san kara ba ina za su san daɗin duniya.

Wata ranar Lahadi ɗan Baturiyar ya kawo mata ziyara, wani mai sanƙo wanda shi ma ya kusa jika. Tsohuwar ta fito a guje tana kiran sunansa, ta ƙanƙame shi a bakin titi, tana sumbatar sanƙon nan. Aka ce kuma shi ne ɗanta na fari. Barira da ke leƙe ta taga ta rufe fuska da mayafi don kunyar da ta kama ta a madadin matar. Da ta buɗe ido sai ta ga Ja'afaru tsaye a ɗaya tagar, shi ma su yake kallo, kofin shayinsa na hucewa a hannu.

Shi ma ai ya ɗauki halinsu. Kowace safiya sai ya gaya wa Asama'u yana ƙaunarta, ita ma ta mayar masa, kamar masu gaisuwar kwana. Yarinyar, da Hausarta ta 'yan koyo, ta taɓa tsare kakarta da tambaya, wai me babanta ya yi mata da ba ta kallonsa. Barira ta kore ta da wasa, amma maganar ta tsaya mata a ƙirji.

Bayan an yi sunan jariri, Basiru, sai Ja'afaru ya same ta a madafa tana kaɗa miyar kuka. Ya tsaya kusa da ita ya ce:

"Inna, na san al'ada ce, ban ce kin yi laifi ba. Amma na ba arba'in baya, ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Ko sau ɗaya ne."

Maburgi ya tsaya a hannunta. Wallahi ta so, har ta ji sunan ya taso mata ya cika baki. Amma harshen da ya shekara arba'in yana kewaye wuri ba ya bi ta kansa rana ɗaya. Sai ta dubi tukunya ta ce kukar nan ta ƙasar waje ba ta da yauƙi. Ya ce haka ne, ya fita. Ranar ba ta iya cin tuwon ba.

Ana haka korona ta sauka, aka rufe hanya, jirgi ya daina tashi. Garin da dama shiru ne ya koma kamar maƙabarta. Baturiyar ma sai ta bayan gilashi take ɗago hannu. Barira na zaune tana lissafi a ranta, yanzu an yi shuka a gida, yanzu ana noman farko, yanzu gero ya kai gwiwa. Kewa ta ci ta ƙwarai, ta rame, ba ta da abokin hira sai 'yar jikarta.

Aikin asibiti ya jawo wa Ja'afaru cutar. Ya killace kansa a ɗakin ƙasa, ya hana kowa shiga. Barira ce ke dama kunu ta ajiye a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa ta koma. Wata safiya Falta ta kai jariri allura, Barira ta sauka da kunu, sai ta tarar da kwanon jiya yadda ta ajiye shi, ko murfin ba a ɗaga ba. Ta ƙwanƙwasa, shiru. Ta yi sallama, ta tafa hannu, ta ce kai, ta ce wannan, ta ce mai sunan Baba. Shiru. Ta banke ƙofar, ta same shi kwance a ƙasa, numfashi na fita da ƙyar.

"Ja'afaru! Ja'afaru! Ɗana, tashi!"

Ta rungume kansa a cinyarta, tana kira tana ƙarawa, duk na shekarun da suka wuce ta zazzage su a safiyar nan. Asama'u na tsaye a kan matakala tana ji. Ita ce ta buga lambar da aka koya musu a makaranta, motar asibiti ta zo ta ɗauke shi.

Ya yi makonni a can, ba a barin kowa ya je. Allah ya yi da sauran kwana, ya dawo gida yana dogara bango. Da Falta ta tambaye shi abin da ya tuna na ranar, ya ce ko kaɗan, shi dai ya farka ya gan shi a gadon asibiti. Bai ji komai ba.

Barira ta yi ta saƙa da warwara. A ce ta sake faɗar sunan yana farke, ba za ta iya ba. A ce ta gaya wa surukarta, wannan ma ai tsiraici ne. Sai ta yi abin da kowace tsohuwa a garinmu ta san yi. Ta jawo Asama'u gefe, ta rage murya, ta ce abin nan da ta ji ta faɗa a ɗakin ƙasa, kada ta kuskura ta gaya wa babanta. A wajenmu ai wannan aike ne. In kana son magana ta isa inda kunya ta hana ka kai ta, yaro za ka samu ka ce masa kada ya faɗa, kafin azahar ta zaga gari, kai kuma ka tsira da mutuncinka. Asama'u ta zaro ido, ta ɗora hannu a ƙirji, ta ce ta yi alkawari.

Barira ta zauna jira. Kullum Ja'afaru ya fito sai ta saci kallon fuskarsa, ko za ta ga alama. Ta bar su su biyu a falo da gangan, ta laɓe a madafa tana kasa kunne. Hirar makaranta suke yi. Ashe ta manta da darasin farantin Baturiya, 'yar nan a can aka haife ta, abin da baki ya faɗa shi take ɗauka.

Da aka buɗe hanya suka raka ta filin jirgi. Wannan karon Ja'afaru bai buɗe hannu ba. Ya durƙusa har ƙasa kamar yadda yake yi a ƙauye, ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya roƙi gafara in ya taɓa takura mata. Wannan durƙuson ya fi mata ciwo a kan komai. Ta amsa wa jakarta, ta wuce.

Ta dawo ta tarar damina ta wuce ba ita, awaki biyu sun mutu. Shekarun da suka biyo baya kuwa ba sai an ba kowa labari ba. Taki ya gagari talaka, kalwa ta yi tsada, ɗorawar da ke gonakin mutane ana ta sarewa ana sayar da itace, masu sayen daddawa suka koma sayen ta miya ɗaya. Sa'o'inta suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Har yanzu tana zuwa kasuwa in ƙafa ta yarda, kuma in aka zolaye ta da Hajiyar Amurka takan ba da labarin shayin nan, a yi ta dariya. A gida kuwa takan wuni a gindin rumbu ita kaɗai.

Juma'a ce ranarta. Tun hantsi take sa Sabo ya kai waya caji. Ja'afaru ya kira, ya gaishe ta da ladabi, ya tambayi ƙafa, ya tambayi gona. Ita kuwa ba maganar take saurare ba, muryar take aunawa, ko yau ta sake, ko an gaya masa. Muryar tana nan yadda take. Sau ɗaya ta gwada, ta ce da Asama'u ita wace irin yarinya ce da ba ta mantuwa, ba ta suɓutar baki. Yarinyar ta ɗauka yabo ne. A ce Barira ta fito fili ta ce mata ta je ta faɗa kuwa, ai daidai yake da ta faɗa masa da bakinta, kuma bakin ya ƙi.

Asama'u ta zama budurwa yanzu, Hausarta sai ƙara tsinkewa take yi, amma akwai maganar da ba ta ɓace mata ba. Juma'ar da ta wuce ma, da aka ba ta wayar, ta matsa nesa da babanta, ta yi ƙasa da murya, da jin daɗin wadda ta riƙe amana.

"Kaka, har yau ban faɗa ba."

Barira ta share ido da gefen zane.

"Allah ya yi miki albarka," in ji ta.

Sannan ta miƙa wa Sabo wayar, ta ce ya ce da wancan ya riƙa sa rigar sanyi.